Kujeru Huɗu, Dala Miliyan Tara: Abin Da Na Gano A Shanghai Da Suzhou

A watan Maris na shekarar 2015, kamfanin gwanjo na Christie's da ke birnin New York ya sayar da wasu kujeru huɗu a kan dala miliyan 9 da dubu 685. Babu zinariya a jikinsu, babu lu'ulu'u, ko soso babu. Ice ne zalla da saƙar mazauni, aikin wasu kafintocin ƙasar Sin na ƙarni na 17 waɗanda ko sunansu ba a sani ba. Kujerun na cikin kayan da wani Ba'amurke dillalin kayan tarihi, Robert Ellsworth, ya mutu ya bari a 2014. Mai karatu, ka juya kuɗin zuwa naira da kanka. Ni dai da na gwada, sifili ne ya cika fuskar wayata.

A aji na fara jin wannan labari, a darasin al'adun Sin da ake yi wa ɗalibai baƙi a jami'ar da nake karatu a birnin Nanjing. Da hutun mako guda na farkon Oktoba ya zo, sai na lallaɓi wani abokina Basine ɗan ajinmu ya raka ni mu ga irin waɗannan kujeru ido da ido. Jirgin ƙasa mai saurin nan yana kai mutum Shanghai daga Nanjing cikin awa ɗaya da rabi ko ƙasa da haka. Birnin Suzhou, wanda ake furtawa kamar "Sujo", yana kan layin, kimanin rabin awa kafin Shanghai. Muka wuce shi tukuna, da niyyar mu tsaya a dawowa.

Gidan tarihi na Shanghai yana Dandalin Jama'a, a tsakiyar birni. An buɗe ginin a 1996, ƙasansa mai kusurwa huɗu, samansa zagaye, siffar tsohuwar tukunyar tagulla ta Sinawa. Shiga kyauta ne, layi ne dai sai ka yi haƙuri, musamman a wannan mako da kusan duk ƙasar ke hutu. Ɗakin kayan katako yana hawa na huɗu, kuma an kasa shi gida biyu: kayan zamanin daular Ming, wadda ta yi mulki daga 1368 zuwa 1644, da na daular Qing da ta gaje ta.

Wanda ya saba da kujerun falon gidajen biki na wajenmu, masu kumbura da ƙyalli, zai iya wuce kujerar Ming bai ko waiga ba. Siririya ce, launinta kamar na zuma, babu fenti, ado kuwa ɗan kaɗan ne a tsakiyar majingina, wata ma babu sam. Sai ka tsaya ka ƙura mata ido sannan take fara ɗaure maka kai.

Wadda ta fi tsayar da ni ita ce wadda suke kira quanyi, wato kujera mai zagaye, kuma irinta ce aka sayar a New York. Majinginarta da hannuwanta abu guda ne: sanda ɗaya ta taso daga hannun dama, ta hau ta zagaya bayan mai zama kamar baka, ta gangaro hannun hagu, bakinta ya ɗan lanƙwasa waje daidai inda tafin hannu zai sauka. Sai ka rantse reshe ɗaya aka gasa aka tanƙwara. Alhali guntaye uku ne ko biyar aka sassaƙa aka harhaɗa, kuma sai ka sunkuya sosai kafin ka hango mahaɗar.

Ga yadda mahaɗar take. Ana fere ƙarshen kowane guntu a rage rabin kaurinsa, yadda idan aka ɗora ɗaya a kan ɗaya za su koma kaurin sanda guda. Kowane baki yana da ɗan harshe da zai shige wani ɗan rami a jikin ɗan'uwansa. Daga nan sai a huda tsakiya, a buga ɗan wejin ice mai kai ɗaya siriri ɗaya kauri. Yayin da wejin ke shiga yana tura guntayen biyu, harsunan suna ƙara nutsewa cikin ramukansu, har mahaɗar ta kulle ta ko'ina: ba ta zamewa gefe, ba ta ɗagawa sama. Irin wannan haɗi na harshe da rami su ke kira sunmao, kuma kala-kala ne, kowace kusurwa ta kujera da irin nata.

Me ya hana su buga ƙusa su huta? Ba rashin ƙarfe ba ne. Ice yana kumbura da damina ya motse da rani, kuma a wannan yanki na Sin laimar bazara ba a magana. Ƙusa ba ta bin icen idan ya motsa, sai ta yi tsatsa, raminta ya faɗaɗa, ko ta tsaga katakon, balle ice mai tauri irin wannan. Duk wanda ya yi firamare a kan benci ya san ƙarshen labarin, domin da wuya ka sami ɗalibin da ƙusa ba ta taɓa yaga wa wando ba. Mahaɗar ice da ice kuwa tare suke kumbura, tare suke motsewa. Ɗan gam ɗin da suke shafawa ma daga jikin kifi ake dafa shi, ruwan zafi na narkar da shi. Ke nan ana iya kwance kujerar gaba ɗaya, a sauya abin da ya lalace, a mayar da ita yadda take. A ganina nan ne sirrin shekara ɗari huɗun yake. Tun ranar da aka ƙera ta an yi tanadin ranar gyaranta.

Ƙafafun baya ma abin lura ne. Ba a ƙarƙashin mazauni suka tsaya ba, sun ratsa ta cikinsa sun zarce sama sun zama ginshiƙan majingina, ice ɗaya tun daga ƙasa. Mazaunin kuwa firam ne na katako huɗu da aka huhhuda gefensa na ciki, aka ja igiyar zaren wani irin dabino daga ƙasa, aka shimfiɗa lallausar saƙa a sama, kusan yadda ake saƙa gadon igiya.

Sai kuma guanmaoyi, kujerar hular hakimi. Ta sami sunan ne saboda sandar samanta ta yi kama da hular manyan ma'aikatan gwamnatin wancan zamani, mai fukafukai biyu a gefe. Iri biyu ce. Akwai wadda bakunan sandar sama da na hannuwa suka zarce waje, guda huɗu, akwai kuma ta kudu, wadda aka rufe kusurwoyinta suka zagaye lumui. A cikin na kudun akwai wasu na baƙin ice da ake ji da su a wannan ɗaki, mazauninsu ya fi faɗi ta gaba kamar mafici, da fure guda ɗaya tak da aka sassaƙa a majingina. Allon majinginar irin waɗannan kujeru ba miƙaƙƙe ba ne, ya lanƙwasa sau biyu yana bin ƙashin bayan mutum. Kujera ce mai tsayi, shi ya sa aka sa sandar ɗora ƙafa ta gaba, don kada sanyin daɓen bulo ya kama mai zama. Ba a yi ta don kishingiɗa ba. Tana miƙar da kai ne ko kana so ko ba ka so, ka zauna kamar mai jiran a kawo masa ƙara. Na ga kuma mai gajeren baya da ake jerawa ƙarƙashin taga don kada ta tare haske, da wata mai naɗewa da ake bin manya da ita wajen farauta ko rangadi. Ita kam an ɗaure gaɓoɓinta da ƙarfe, don nauyin da suke ɗauka.

Wani abin da ban zata ba shi ne, Sinawa ma mutanen tabarma ne tun asali. Sun shafe ƙarnuka suna zama a ƙasa. Kujera ta fara samun shiga ne a zamanin daular Tang, tsakanin 618 da 907, ba ta zama ruwan dare ba sai a daular Song da ta zo daga baya. Har yau harshensu bai manta ba. Kalmar da suke kiran shugaban taro da ita, har ma da shugaban ƙasa, ita ce zhuxi, kuma asalin ma'anarta mai babbar tabarma. Mu da har gobe muke shimfiɗa tabarma a zaure muna cewa wane ya hau kujerar mulki, su kuma da suka ƙera kujeru masu irin wannan tsada suna kiran shugabansu da tabarma.

Icen da ya fi daraja a wannan sana'a shi ne huanghuali, mai launin zuma da ɗan ƙamshi, wanda mafi kyansa daga tsibirin Hainan yake fitowa, can kudu. A jikinsa akwai wasu zagaye-zagaye da masu tara kaya ke kira fuskar fatalwa, kuma suna ƙara masa kuɗi. Na biyu shi ne zitan, baƙi mai sirkin ja, mai nauyin da ke nutsewa a ruwa, wanda ake kawowa daga kudancin Indiya. A shekarar 1567 ne sarkin Ming ya sassauta dokar da ta hana 'yan kasuwa fatauci ta teku, katako mai tauri ya riƙa shigowa daga ƙasashen kudu, daidai lokacin da attajirai da malaman yankin Suzhou ke da kuɗin kashewa. Shi ya sa mafi yawan kujerun da ake yabo na ƙarshen ƙarni na 16 ne zuwa farkon na 18. Wasunsu ma bayan faɗuwar Ming aka yi su, salon ne ya ci gaba da amsa sunan.

Da yawa daga abin da ke wannan ɗaki mutum ɗaya ne ya tsamo su daga halaka. Sunansa Wang Shixiang, an haife shi a Beijing a 1914, ya rasu a 2009. Kafin shi wani Bajamushe, Gustav Ecke, ya wallafa littafi a kan kayan a 1944 da zane-zanen mahaɗansu, amma a cikin Sin kanta ba a ɗauke su a bakin komai ba. A shekarun 1950 ana sayen tsofaffin kujeru da tebura a farfasa, a yi allon lissafi da sandar sikeli da kayan kiɗa da icensu. Wang ya riƙa yawo a kan keke, lungu-lungu da ƙauyukan gefen Beijing, yana saye da ɗan albashinsa yana ɗaurowa a baya. Da juyin juya halin al'adu ya ɓarke a 1966 aka kwashe masa kayan, sai daga baya aka dawo masa da su. Ɗakinsa ya cushe har ya zamana bayan girgizar ƙasar 1976 a cikin wani katon tsohon kabad yake kwana. Littattafansa biyu, na 1985 da na 1989, su suka buɗe idon duniya, su kuma suka sa farashi ya tashi. A farkon shekarun 1990 ya sayar da guda 79 ga wani attajirin Hong Kong a kan kuɗin da bai kai na kasuwa ba ko kusa, bisa sharaɗin a miƙa su duka ga wannan gidan tarihi, kada a ware ko ɗaya. Da ya bi ta gwanjo, da yanzu suna warwatse a falon masu kuɗi, ɗalibi irina kuwa sai dai ya gani a hoto.

Washegari muka sauka Suzhou. Tsohon garin na magudanan ruwa ne da gadoji na dutse, gidaje farare masu baƙin rufi, da lambunan da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1997. Mun shiga mafi girmansu, Zhuozheng Yuan, wanda wani ma'aikacin gwamnati da ya bar aiki ya fara ginawa wajen 1509. Cunkoso ya hana mu jin daɗin tafkunan, amma a zaurukan na ga abin da gidan tarihi bai nuna min ba, wato yadda ake jera kujerun. Biyu a can ƙurya suna fuskantar ƙofa da tebur a tsakaninsu, na maigida da babban baƙo. Sauran a layi biyu suna kallon juna, kowace biyu da ɗan teburin shayi. Inda aka zaunar da kai shi ke faɗa maka matsayinka, tun kafin a gaisa. Sai dai yawancin kujerun lambun na baya-baya ne, na salon Qing, masu kauri da sassaƙa ko ta ina, wasu da faifan marmara a majingina. Bayan abin da na gani jiya, sai suka yi min kama da mutumin da ya sa duk kayan sallarsa rana ɗaya. Ashe ba ni na fara wannan tsegumi ba. Wani malamin garin, Wen Zhenheng, ya rubuta littafi a farkon ƙarni na 17 yana rarrabe kayan ɗaki na masu hankali da na 'yan ƙarya, kuma yawan ado na cikin abin da ya kushe.

Masana sun san aikin Suzhou da tsimin ice. Katakon daga nesa yake zuwa, da tsada, don haka kafinta ba ya yarda ko guntu ya tafi a banza: sanduna sirara, ƙarfin duk a mahaɗa. Kafintocin Guangzhou da ke bakin tashar jirgin ruwa, inda gumagumai ke sauka, su aka sani da sakin hannu.

A wani lungu kusa da titin Pingjiang muka faɗa shagon wani dattijo mai gyaran tsofaffin kaya. Ba shi da huanghuali, nasa na jumu ne, icen yankin da talakawa da masu matsakaicin hali suka yi amfani da shi, amma ƙirar ɗaya ce. Abokina na yi min tafinta, ya ɗaga wata kujera da hannu ɗaya ya kife ta, ya nuna mana inda mai saye ke fara dubawa. Sandar ɗora ƙafa ta tsohuwar kujera takan cinye ta tsakiya, cin da takalma suka yi a hankali, ba irin na wanda ya goge da takardar yashi jiya ba. Ƙasan ƙafafu yakan ruɓe saboda laimar daɓe, wasu sai su yanke, kujerar ta gajarce, darajarta ta faɗi. Idan mazaunin katako ne, a leƙa ƙasa: in akwai layin huji a firam, to asalinsa saƙa ne aka sauya. Akwai kuma 'yan damfara da ke auren rabin wata kujera da rabin wata su sayar a matsayin guda. Kuma da yake bibbiyu ko hurhuɗu ake yin su, samun huɗun da suka rayu tare ba a raba su ba abu ne mai wuya, wanda yana cikin dalilin wancan kuɗi na New York. Ya bar ni na zauna a wata mai zagaye. Hannuna tun daga kafaɗa har tafi ya sami wurin kwanciya, abin da ban taɓa ji a wata kujera ba.

Wataƙila ma ka taɓa ganin jikanyarta ba ka sani ba. Wani kafinta ɗan ƙasar Denmak, Hans Wegner, ya kwaikwayi wannan ƙira a 1944, daga nan ya fitar da wata a 1949 mai majingina kamar harafin Y, wadda kwafinta ya cika gidajen shan shayi na manyan birane.

Da yamma, a hanyarmu ta zuwa tasha, muka leƙa wani katafaren shagon sababbin kayan ɗaki. Tunda tsofaffin sun fi ƙarfin kowa, huanghuali na daji kuma ya kusa ƙarewa a Hainan, masu kuɗin Sin na yau sabbi suke saye da aka yi da jan katako, wanda suke kira hongmu. A shekarar 2000 gwamnati ta fitar da jerin itatuwa 33 da aka yarda a kira da wannan suna. A jikin wasu kujeru na ga takarda da sunan ice, abokina ya karanta: ciwei zitan, wai zitan mai bushiya. Na buga a waya, sunan kimiyya ya fito, Pterocarpus erinaceus, ga hoton bishiyar da furenta rawaya da 'ya'yanta masu ƙaya a tsakiya. Madobiya ce.

Ni ɗan Taraba ne. Muna firamare lokacin da tireloli suka riƙa fitowa daga wajen Bali da Garba Chede shaƙe da gumagumai masu jan ciki, an fere su kusurwa huɗu, suna nufar Legas. Madrid ake ce wa icen a bakin 'yan harkar. Samari sun bar gona, wasu sun bar aji, sun shiga daji da injin yanka, domin kuɗin a hannu ake biya. A tsakanin 2014 da 2017 Najeriya ta shiga sahun gaba cikin ƙasashen da ke tura wa Sin irin wannan katako. Madobiya kuwa ba bishiyar banza ba ce a wurinmu: ganyenta makiyaya ke sassabo wa shanu a ƙarshen rani idan ciyawa ta ƙare, jan ruwanta kuma ana magani da rini da shi. A farkon 2017 aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta duniya ke sa wa ido, a 2018 aka dakatar da cinikinta daga Najeriya. Kafin nan manyan bishiyoyin da ke kusa da hanya sun riga sun tafi. Ɗaya daga manyan tashoshin da katakon waje ke sauka a Sin, Zhangjiagang, a ƙarƙashin Suzhou take, a bakin kogin Yangtze.

Tsofaffin kujerun gidan tarihi ba su da hannu a wannan, an yi su tun kafin a san hanyar dajinmu. Sha'awar da suka haifar ce ta iso mu. Na kuma lura sabbin ba su gaji tsimin ba. Wadda ke gabana ƙafarta ta kai cinyata kauri, an cika ta da sassaƙar dodanni, ni da abokina muka kama ta tare da ƙyar ta ɗaga. Icen da ke jikinta zai yi wa kafintan Suzhou na da kujera biyu ko uku.

Na sa abokina ya tambayi mai shagon daga wace ƙasa katakon ya zo. Ya juya takardar, ya duba gaba da baya, ya ce Afirka.